Mutuwar banza da mutuwar riba: nazarin Champions of Midgard da gyaran da aka yi masa

A shekarar 2015 kamfanin Grey Fox Games na Amurka ya fitar da wani wasan tebur mai suna Champions of Midgard, wanda Ole Steiness, ɗan ƙasar Denmak, ya tsara. Mutum 2 zuwa 4 ke zama a kansa, kuma yakan ci awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ya samu karɓuwa tun fitowarsa, amma wani ƙorafi ya riƙa bin sa duk inda aka shimfiɗa allonsa. Mutum zai yi shiri mai kyau, ya tara mayaƙa da guzuri, sai jifan dayis guda ya kwashe masa komai, ya ƙarasa wasan yana ɗan kallo. A 2017 kamfanin ya tara kuɗi a Kickstarter, shafin intanet da jama'a ke zuba kuɗi don a yi sabon kaya, ya fito da akwatunan ƙari guda biyu, The Dark Mountains da Valhalla. Na biyun ne ya taɓa wurin ciwon, har ta kai da yawa daga cikin masu buga wasan ba sa yarda su sake zama a kansa in babu Valhalla.

Kowa dayis yake zagi. Ni kuwa a ganina ɓarakar tana wani wuri daban, a cikin yadda aka lissafa asarar wanda dayis ya juya wa baya. Sai an ga yadda wasan ke tafiya kafin a gane hakan.

Garin da sarkinsa ya mutu

Labarin da aka ɗora wasan a kai na Baikinawa ne, mutanen Norwe da Denmak da Suwidin da suka addabi gaɓar tekun Turai tun daga harin tsibirin Lindisfarne na Ingila a 793 har zuwa wajen 1066. An zaɓi garin Trondheim na bakin teku a Norwe, wanda tarihi ya ce Sarki Olaf Tryggvason ne ya kafa shi a 997. A cikin wasan, sarkin garin ya mutu, gari ya zama ba mai tsaro, dodanni na tatsuniyoyin mutanen sun taso ta ko'ina. Kowane ɗan wasa shugaban dangi ne da ya zo neman gadon sarautar. Zagaye 8 ake yi, wanda ya fi tara makin ɗaukaka shi ne sabon sarki.

Kowa yana farawa da ma'aikata uku, 'yan gumakan katako, ko huɗu idan mutum biyu ne kaɗai ke bugawa. Bi da bi ake ajiye su a wuraren da ke kan allo, kuma mafi yawan wuraren mutum ɗaya suke ɗauka. Idan ka riga ni zuwa maƙerar gatari, to na wannan zagayen ya wuce ni, sai in nemi wata ƙofar. Akwai maƙerar takobi da ta mashi da ta gatari, inda ake ɗaukar mayaƙa. Akwai ɗakin banda da dajin farauta don abinci, kasuwa don musanyar abinci da itace da kuɗi, masassaƙin jirgi, mai duba da ke ba da katin buri na sirri, da zauren sarki inda ake karɓe damar fara wasa a zagaye na gaba. Maƙeran nan uku da ɗakin banda kuwa, duk wanda aka ƙyale, kayansa ƙaruwa suke yi. Maƙerar da ba wanda ya leƙa sau biyu za ka tarar da mayaƙa uku suna jira, don haka ko haƙuri ma dabara ne.

Wannan salon na ajiye ma'aikaci ba Steiness ne ya ƙirƙiro shi ba. Akan danganta farkonsa da Keydom na Richard Breese a 1998, Caylus ya yaɗa shi a 2005, Agricola ya biyo a 2007, Stone Age a 2008. Wanda aka fi kwatanta Midgard da shi kuwa shi ne Lords of Waterdeep na 2012, inda kake tara 'yan ƙananan kubobi masu launi ka biya su don cika aiki. A can babu shakka ko kaɗan: aiki na neman kubo biyar, ka ba da biyar, ka karɓi makinka. Abin da Steiness ya yi shi ne ya mai da kubobin nan dayis. Mayaƙinka dayis ne, sai ka jefa shi za ka san abin da zai yi maka. Wato ya ɗauki natsuwar dara ya aura mata zuciyar lido, kuma duk daɗin wasan da duk ciwonsa daga wannan auren suka fito.

Dayis iri uku ne. Fari shi ne mai takobi, shi ya fi samuwa kuma shi ya fi rauni, rabin fuskokinsa shida fanko ne. Ja mai mashi ne, ya fi iya kare kai da garkuwa. Baƙi mai gatari ne, sara gare shi mai nauyi amma ba ya ɗauke da garkuwa. Ba a yarda ka riƙe fiye da mayaƙa 8 ba. Kowane abokin gaba yana da lamba biyu a katinsa, yawan saran da zai sha kafin ya faɗi da yawan mayaƙan da yake kashewa a kowace arangama. Kana jefawa, ana ƙirga saranka, a lokaci guda kuma shi ma yana kwashe nasa rabon, sai dai kowace garkuwa da ta fito tana ceton mutum ɗaya. Haka za a yi ta yi har ɗaya ya ƙare. Babu gudu. Wasu abokan gaban ma sukan hana wani nau'in makami taɓa su sam, sai ka ga mai gatari huɗu a hannu yana kallon dodon da gatari ba ya ci.

Abokan gaban gida biyu ne: ƙaton dodon tsauni da ake kira turol, mai ba da itace, da fatalwoyin kabari biyu da ake kira draugr, masu ba da kuɗi. Manyan maki kuwa suna ƙetaren teku.

Tafiya guda, daga shiri zuwa dawowa

Mu ɗauki misalin ɗan wasa a zagaye na huɗu, mu bi shi a hankali. Ya hango wani dodo a gaɓa mai nisa wanda ba wanda ya taɓa, kuɗi suna ta taruwa a kansa, domin duk zagayen da dodon ƙetare ya kwana da rai ana ɗora masa sulalla guda. A zagayen da ya wuce ya kashe ma'aikata biyu wajen ɗaukar mayaƙa. Yanzu ya tura ɗaya ɗakin banda, ɗaya ya kama jirgi. Jiragen gari biyu ne, ƙarami na kyauta mai ɗaukar kaya 5, da babba mai ɗaukar 10 da ake biyan sulalla guda. A nan lissafi ke fara matse shi, domin abinci da mayaƙi wuri ɗaya suke ci a cikin jirgi. Gaɓa ta kusa, abinci ɗaya na ciyar da mutum biyu. Gaɓa mai nisa, kowane baki da nasa. Babban jirgi zuwa nesa ke nan mayaƙa 5 da abinci 5, ba sauran wurin ajiye ko loma ɗaya ta ko-ta-kwana.

Ya loda ya tashi. Kafin a kai ga dodo sai an buɗe katin tafiya da ke kife a kan hanya. Wani katin lafiya lau ne. Wani guguwa ce ko rashin iska ko ɓatan hanya, ta ci abinci ko mutum. Wani kuma ƙaton dodon ruwa ne, kraken, sai an yi faɗa da shi tukuna. A ce abinci ɗaya ya salwanta. Da aka zo ciyarwa, mutum ɗaya bai samu ba, yunwa ta kashe shi tun bai zare takobi ba. Saura huɗu.

A ce dodon na kashe biyu a kowace arangama. Jifan farko ya zo da kyau, to an gama da wuri, ya dawo gida da mayaƙa biyu ko uku, da maki, da kuɗi, da tagomashin gumaka. Jifan farko ya zo fanko, to saura biyu, kuma biyun nan su ne za su yi aikin da huɗu suka kasa. Da wuya. A jifa na biyu sun tafi, jirgi ya dawo wayam, dodo ya warke sarai, an ƙara masa wani sulalla don wanda zai zo gobe.

Wannan ɓangaren na guzuri shi ne inda wasan ya fi kusa da gaskiyar tarihi. Tsofaffin rubuce-rubucen Aisland sun ce lokacin da Erik Ja ya jagoranci ƙaura zuwa Girinland wajen shekarar 985, jirage 25 suka tashi, 14 suka isa, sauran sun juya ko sun nutse. Teku ya fi takobi cin Baikinawa a irin waɗannan tafiye-tafiye, kuma Steiness ya kama wannan da kati ɗaya da ƙa'idar ciyarwa guda. Inda ya saki tarihi shi ne wurin neman tagomashin gumakan mutanen: ya sa ana sayensa a cocin katako irin na Norwe, alhali waɗannan gine-gine na Kiristoci ne, kuma irin su Urnes da Borgund na ƙarni na 12 ne, bayan zamanin hare-haren ya shuɗe. Ado ne dai, ya yi kyau a allo.

Ina ɓarakar take

Masu kare wasan suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Steiness bai bar mutum a hannun sa'a tsirara ba. Tagomashin nan da ake saye, kowane ɗaya yana ba ka damar sake jefa duk dayis ɗin da ba su yi maka ba. Masu takobi uku su fito fanko gaba ɗaya, sau 1 ne cikin 8. Da tagomashi ɗaya a aljihu, fanko sau biyu a jere ya koma 1 cikin 64. Kuɗinsa kuma sananne ne, domin tagomashin da ba ka kashe ba maki 2 ne a ƙarshen wasa. Wurin mai duba yana ba ka damar leƙa katin tafiya kafin ka tashi. Katunan rune, wato tsohon rubutun Baikinawa, da ake saye da itace ɗaya, wasu na taimakawa a faɗa ko a hanya. Jirgin kanka, in ka sassaƙa, ba mai riga ka shiga. Shugabannin dangi biyar ɗin ma kowanne da tasa baiwar: Gylfir ba ya biyan kuɗin jirgin fatake, wani wurin sayen kaya da ke kan allo, Svanhildr masu takobinta sun fi na kowa sara, Asmundr kuwa ko ya kashe tagomashinsa makin ba ya ɓace masa. Saboda haka idan wani ya loda mutum uku ya tafi gaɓa mai nisa ba tagomashi ba leƙe, ya dawo yana kuka da dayis, ganganci ne ya ci shi.

Duk da haka ƙorafin bai mutu ba, kuma ga dalili. Ma'aikata uku sau zagaye takwas, ajiya 24 ke nan a duk wasan, da ɗan ƙari ga wanda ya ɗauki ma'aikaci na huɗu. Tafiyar da muka bi ta ci huɗu ko biyar daga ciki. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na rayuwar mutum a wasan ya hau jirgi guda. Kuma yawan faɗan da mutum zai yi a zagaye takwas bai kai yadda sa'a za ta daidaita kanta ba. Wanda ya jefa dayis sau dubu, fanko da sara za su raba daidai. Wanda manyan faɗansa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, mummunan jifa biyu sun isa su rubuta masa ƙarshe.

Wannan ma da sauƙi. Babban abin shi ne jifa ɗaya yana yanke hukunci biyu. Yana faɗin ko ka ci ko ka faɗi, sannan yana faɗin mutum nawa za su dawo gida. A Lords of Waterdeep kowa na biyan kubobinsa duka, mai nasara ya koma fanko kamar kowa, a sake tarawa tare. A Midgard mai sa'a yana karɓar maki kuma ya dawo da rundunarsa, gobe ya sake fita ba tare da ya taka maƙera ba, ma'aikatansa su tafi neman wata riba. Marar sa'a ya rasa makin, ya rasa mutanen, ya rasa abincin, sannan ya rasa zagaye na gaba ma, domin a maƙera zai ƙare shi yana farfaɗowa. Tazarar da jifa ɗaya ya buɗe ba ta tsayawa inda take, faɗi take ƙarawa. A Stone Age ma ana jefa dayis, amma can mummunan jifa yana nufin ka samo itace biyu maimakon huɗu, mutanenka na nan. A nan mummunan jifa sifili ne da bashi a kai.

Ga kuma wani abu da ya shafi labarin kansa. Wasa ne na mutanen da tatsuniyarsu ta ce jarumin da ya faɗi a fagen fama 'yan matan yaƙi, Valkyrie, ke ɗaukarsa zuwa Valhalla, zauren babban gunkinsu Odin, ya yi ta faɗa da rana yana shagali da dare. Amma a wasan 2015, mayaƙin da ya mutu sai dai a mayar da shi cikin tarin dayis, shi ke nan. Abin lura, a shekarar nan guda wasu wasannin Baikinawa biyu sun riga sun gane wannan. A Blood Rage na Eric Lang ana iya cin wasa ta hanyar mutuwa da gangan, mayaƙa su je Valhalla su dawo. A Raiders of the North Sea na Shem Phillips, ɗan Niyu Zilan, duk ɗan jirgin da Valkyrie ta ɗauka yana ƙara maka matsayi mai maki. Midgard ne kaɗai cikin ukun ya bar mutuwa ba lada.

Abin da Valhalla ya canza

Gyaran gajere ne a faɗa. Duk mayaƙin da ya faɗi a faɗa, kana karɓar alamar sadaukarwa mai launinsa. Alamomin nan kuɗi ne na wata kasuwa daban da aka ƙara a gefen allo. Da su ake sayen albarkar Valkyrie, katunan da ke ba da mayaƙa ko kaya ko wata baiwa mai ɗorewa, ko kuma a tara da yawa a kayar da manyan dodanni na musamman masu maki mai tsoka. An ƙara dayis na shugaban dangi da kansa, wanda ba ya mutuwa sai dai ya ji rauni a nemo hanyar tashinsa. An ƙara mayaƙa iri biyu, masu haukan yaƙi da ke sara da ƙarfi amma su ake fara rasawa, da masu garkuwa da suka ƙware a kariya.

Ba a taɓa fuskar dayis ɗin asali ko ɗaya ba. Mai takobi na nan da rabinsa fanko, guguwa na nan, dodo na kashe biyu kamar da. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a gyaran. Hanya mai sauƙi ita ce a rage sa'a, a ƙara sake jifa kyauta ko a cike fuskokin fanko, kuma da an yi haka da an kashe abin da ke sa mutane miƙewa tsaye a bakin tebur lokacin jifa. Maimakon haka sai aka raba hukunci biyun nan da jifa ke yankewa. Wanda ya ci faɗa bai rasa kowa ba, ya samu maki da runduna amma ba alama. Wanda ya sha kaye ya rasa maki da runduna amma hannunsa cike da alamomi. Mutumin da muka bi ɗazu, wanda jirginsa ya dawo wayam, yanzu yana da abin zuwa kasuwa da shi, kuma sau da yawa abin da zai saya shi ne mayaƙan da za su hana shi ɓata zagaye na gaba a maƙera. Tazarar na buɗewa, amma ba ta ci gaba da yagewa.

Ya kuma sauya yadda ake kallon farin dayis. A da mai takobi cikon benci ne. Yanzu ko bai sari komai ba, faɗuwarsa na da farashi, kuma tunda katunan kasuwar launuka daban-daban suke nema, mutum yakan tsaya ya zaɓi wanda zai bari ya faɗi. Shawara ce sabuwa a tsakiyar faɗa, a wurin da da babu komai sai kallo.

The Dark Mountains bai shiga wannan maganar sosai ba. Ya kawo ɗan wasa na biyar, maharba masu koren dayis, da ƙattin tsauni da ake zuwa wa ta tudu. Faɗi ya ƙara wa wasan.

Gyaran bai zo kyauta ba. Na farko, tsoro ya ragu. A asalin wasan, loda jirgi zuwa nesa yana sa gaban mutum faɗuwa, domin ya san abin da ke kan layi. Da Valhalla, akwai lokacin da za ka ga ɗan wasa ya tura mutum biyu wurin fatalwar da ya san ba za su iya ba, alamomi kawai yake so, har yana jin haushi idan garkuwa ta fito ta ceci wanda ya so ya mutu. Ya dace da tatsuniyar, amma ya rage wa mai mashi da tagomashi daraja, su da aka gina don kiyaye rai. Na biyu, kasuwar ba ta tambayar wa ke baya. Wanda ya fi kowa fita faɗa shi ya fi kowa zubar da mayaƙa, ko da yana cin faɗan, don haka gwani yakan ci riba biyu. Gyaran yana ɗaga marar sa'a, ba ya ɗaga marar dabara, kuma ina ganin hakan daidai ne, sai dai kada a ɗauka zai daidaita sabon shiga da tsohon hannu. Na uku, lokaci da kaya sun ƙaru. Bayan kowane faɗa sai an jira mutum ya gama cinikinsa, kuma wasan da ake koya wa baƙo cikin 'yan mintuna ya koma mai bayani biyu. Ga wanda bai taɓa ajiye ma'aikaci a allo ba, na fi son a fara masa da asalin, ya ɗanɗani asarar sau ɗaya ko biyu, sannan a buɗe akwatin. Na huɗu kuwa aljihu ne: mai saye ya biya sau biyu kafin ya samu wasan da mutane ke yabo.

Dodon ƙofar gari

Akwai wata ƙa'ida da Valhalla bai warware ba, kuma ita ce ta fi haddasa surutu a tebur. Turol yana zuwa kowane zagaye. Idan ba wanda ya kashe shi, kowa na karɓar tambarin zargi ɗaya, gari na cewa kun bar mu. Idan wani ya kashe shi, yana yar da zargi ɗaya nasa, sannan ya ɗauki wani ya miƙa wa duk wanda ya ga dama. Haka ma wanda ya rasa wurin zuwa ya tura ma'aikacinsa bara, zai samu abinci ɗaya da zargi ɗaya. Hukuncin kuma hawa yake yi: zargi ɗaya na cire maki 1, biyu 3, uku 6, huɗu 10, biyar 15, shida ko fiye 21.

A matsayin dabara abin ya yi kyau ƙwarai. Turol ba ya biya kamar dodon ƙetare, don haka kowa na so wani ya je, kowa kuma na tsoron wanda ya je ɗin. Nan ake jin irin su, "Yaya, kai fa ke da masu mashi, ka taimaki gari mana," shi kuma ya ce, "Zan je, amma ka san wa zan ba tambarin." Wurin da ya fi kowane wuri sa mutane magana da juna ke nan, a salon wasan da aka san shi da kowa ya duƙufa kan allonsa.

Matsalar tana cikin hawan lambobin. Tambari na farko maki 1 ne, na biyar maki 5 ne shi kaɗai, na shida 6. Saboda haka mai kashe turol, in yana son ya yi ɓarna mafi girma, wanda ya riga ya tara zargi zai ƙara wa, ba lallai wanda ke gaba a maki ba. Wanda ya tara zargin kuwa sau da yawa shi ne wanda ya rasa mayaƙansa da wuri, ya kasa zuwa wa turol ya wanke kansa, wataƙila har ya yi bara. A wasan mutum biyu babu ma zaɓi, duk turol ɗin da ka kashe kan abokinka yake sauka, kuma wanda ya riƙe fara wasa zai iya kama wurin zagaye bayan zagaye. A wasan mutum huɗu kuma, a zagaye na takwas, wanda ba shi da sauran fatan ci zai iya kashe turol ya zaɓi wanda zai jefa wa maki 4 ko 5 na asara tsakanin mutum biyun da ke kankankan, ya naɗa sarki da hannunsa. Alamomin sadaukarwa na taimaka wa wanda aka tara wa zargi ya sake samun mayaƙan zuwa ƙofar gari da wuri, amma ikon miƙa tambarin da tsadar hawansa suna nan yadda Steiness ya rubuta su a 2015.